Sandar Saffana Tana Kwantena

"Mei yo! Babu!" in ji Alhaji Alhasan da Sinanci da Hausa, bai ko ɗago ba. "Sandar wasanki tana kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, an buga kwaɗo."

"To a Kano a kan me zan yi wasan, Abba? Ƙanƙarar da ake sayarwa a buhu?"

Ku da ba ku san gidan ba, bari in gutsura muku. Saffana, 'yarsa mai shekara sha biyar, a Guangzhou aka yanke mata cibi, kuma wasan hokin kan ƙanƙara ya shige mata rai. Aibinta ɗaya: in aka turo mata baƙin faifan robar nan, sai ta tsayar da shi, ta gyara masa zama, sannan ta buga, alhali mai tsaron raga ya gama shiri. Koci ya yi ihu har muryarsa ta dushe, wai faifan yana tafe ake dukansa. Laifin uban ne kuwa. Shi ya raine ta kan cewa abin da aka miƙo maka ba a fizgarsa, da ladabi ake karɓa.

Shi ɗin ne kuma ya warware tarbiyyarsa da hannunsa. Wata bakwai, kullum bayan la'asar, dattijo da furfurarsa yana durƙushe a tayil ɗin falo, yana turo mata murfin kwalba. "Kada ki jira shi, Mamana! Nauyinki a ƙafar baya, ki juye shi gaba!" Fulas biyu suka fasa, har da madubin matarsa Hajiya.

Makon jiya hannunta ya faɗa. Asabar za a zaɓi 'yan ƙungiya. Jirginsu na komawa Kano kuwa Alhamis ne, don an ƙi sabunta masa biza.

"Kwana biyu kacal, Abba."

"Takarda ba ta san kwana biyu ba."

Ta tsura masa ido. "Yaushe ka sani?"

Ya shafa gwiwarsa mai ciwo. Ƙarya ta zo masa har baki, ya haɗiye ta.

"Tun azumi."

"Tun azumi! Kana turo min murfi, kana tafa min, ka san babu inda za ni da shi?"

"Kin kusa iyawa ne, Mamana," ya ce a hankali. "Na ce bari ki ƙarasa."

Ya miƙa hannu zai kamo nata. Ta dube shi, ta ja mayafinta ta fice, ta maka ƙofar har kalanda ta faɗo daga bango.