Jirgin da Ba Ya Tashi

Neusa ta matse tsumma ta goge tagar jirgin saman ta waje. Jirgi dai a suna: rabin ganga ce ta katako, an girke ta a wani sito a bayan garin Guarulhos, da kujerun fata huɗu da shuɗin labule mai zanen gajimare a bayan tagogi. Awa-awa ake hayarsa don ɗaukar hoto. Shekara uku tana share shi, ba ta taɓa damuwa da ƙaryar kowa ba, sai yau da ta ga sunan da aka rubuta a allon ƙofa: Wescley Barcelos.

Wata takwas ke nan muryar mutumin nan na cin abinci tare da su. Kullum ƙarfe goma na safe, da kasuwar hannun jari ta buɗe, sai mijinta Valdir ya jingina waya da kwalbar barkono, ya saya, ya sayar, yadda Wescley ya koyar. Mutumin da ya shekara ashirin yana tuƙin tasi, wai shi ne ya zama ɗan kasuwar hannun jari! Tasin ya tafi, kuɗinsa ya narke a mako shida. Yanzu kuma Wescley ya buɗe "ajin manya", Valdir ya rantse sai ya shiga, ko da za a sayar da gidan da suka gina bulo-bulo. Ga shi sunan Valdir ne a takardar gidan.

Ta tsani Wescley, tsana irin wadda ke hana tauna abinci. Ta ciro waya ta kira Valdir.

"Tsoho, za ka kalli malamin naka yau?"

"Me zai hana? Daga sararin sama zai yi mana darasi, yana hanyar Miami."

"To ka buɗe idonka da kyau."

* * *

A bayan ɗan acaɓa Wescley ya iso, gumi sharkaf. Ya ari agogon mai ɗaukar hoto ya ɗaura, ya miƙo wa Neusa ƙafa ko kallonta bai yi ba.

"Inna, ɗan goge mini takalmin nan."

Ta durƙusa ta goge shi tas, har da dunduniya.

Aka kunna fitilu, aka fara watsawa kai tsaye. Ya harɗe a kujera da kofi a hannu.

"'Yan'uwa sababbin shiga, ku fara da abin da kuke da shi. Tsoro ne kawai ke talauta mutum. Ni ma da babur ɗina na fara, yau ga ni a cikin gajimare."

Nan Neusa ta kama labulen gajimaren da hannu biyu ta finciko shi. Bangon sito ya bayyana, da tsani, da bokitinta. Ta ƙwanƙwasa tagar da sandar goge-goge, ta leƙa.

"Ranka ya daɗe, in ka gama tashin ka ɗaga ƙafa, zan goge ƙasa. Valdir! Kana gani? Ga Miami ɗin taka, kusa da ban ɗaki!"

Kofin ya kife a wandon Wescley. Kafin a kashe na'ura ta ga ya daburce, wani sanyin daɗi ya ratsa ta har tafin ƙafa. Mai wurin ya kore ta nan take, ita kuwa ko a jikinta. A motar haya ma dariya take yi ita kaɗai.

* * *

Da la'asar ta tarar da Valdir a ƙofa, fuska a murtuke.

"Kin tozarta ni a gaban mutum dubu huɗu."

"Ba ka ga bangon ba? Ba ka ga bokitina ba?"

"Na gani. Ai ya dawo ya yi bayani. Jirginsa na wurin gyara, maƙiya ne suka biya ki. Ya ce waɗanda suka tsaya masa yau, ya rage musu rabin kuɗin aji." Ya kawar da kai. "Zuwa gobe kaɗai."

Ta wuce shi ta shiga gida. Daga cikin ɗakinsu wani baƙon dillalin gidaje ya fito, fensir a kunne, yana warware igiyar awo a jikin bango. Ya dube ta da fara'a.

"Uwargida, don Allah ɗan riƙe mini bakin igiyar nan."