Ruwan da Na Kawo wa Ya Gumsu

Sunana Mikail, hula nake sayarwa a Kasuwar Monday ta Maiduguri. Shekarata hamsin da ɗaya, kuma har bara ina ɗaukar kaina mutumin kirki, tunda ba a taɓa gwada ni ba.

Bayan Babbar Sallah na shirya bin Ajimi direba zuwa Agadez da kayan huluna. Kafin mu tashi na biya Lamisula in yi wa yayata, Ya Gumsu, sallama. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Shekara uku ke nan gwiwoyinta sun hana ta sujada, a kan kujerar roba take sallah.

Ta turo mini jarka mai lita goma, ta wanke ta da toka har tana ƙyalli.

"An ce can bayan Agadez akwai idon ruwan zafi a cikin duwatsu. Ka ciko mini."

"Ya Gumsu, ko tanka kika ba ni sai na cika shi."

"Jarkar ta isa. Bakinka ne tanka."

Da muka gama ciniki sai na matsa wa Ajimi, ya yarda ya ratsa da ni. Muka yi ta hawa tsakanin baƙaƙen duwatsu, ba bishiya ba gida, sai raƙumi jefi-jefi yana kallonmu kamar mun ɓata hanya. Ni a raina kogi nake zato. Abin da na tarar ɗan ɗaki ne na dutse, babu rufi, a cikinsa kwarmi mai tsawon mutum. Ruwan yana tsiyayowa daga tsagar dutse, siririn kamar na bakin butar shayi, da tururi da warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Wani tsoho mai baƙin rawani ne ke tsaron wurin. Ya yi mini bayanin ƙa'ida a hankali. Kwarmin sai ya yi kusan awa guda kafin ya cika, saboda haka cikawa ɗaya ce rabon kowa. In ka ga dama ka shiga ka yi wanka, in ka ga dama ka ɗiba ka kai wa mara lafiyarka. Daga nan a zare tsumman da ya toshe ƙasa, ruwan ya tafi, na baya ya jira nasa. Mutum bakwai ne a bayana. Ajimi kuma ya rantse ana kiran azahar zai tada mota, ko da ni ko ba ni.

Na shiga da jarkata, na ja ƙyauren langalanga.

Wallahi ɗiba na shiga yi. Yatsa kawai na tsoma in ji zafin. To, kwana uku na yi a bayan mota a kan buhuna, ƙuguna kamar an daka. Na ce bari in sa ƙafa. Ƙafa ta ce gwiwa ma tana so. Ban san yadda aka yi ba sai ga ni kwance har wuya, ina nishi irin na tsohon sa. Kuma tunda an riga an shiga, sai na laluba aljihun rigata na ciro koren sabuluna mai ƙamshi, wanda shekara ashirin ban canza ba. Na cuɗa ko'ina. Har tsakanin yatsun ƙafa ban bari ba.

Bugun ƙyaure ne ya dawo da ni hayyacina. Na miƙe, na dubi jarka babu ko ɗigo, na dubi ruwan ya koma kalar kunun kanwa. Sai na yi wa kaina fatawa nan take: maganin ai yana cikin ruwan, ba duka na shanye ba. Na danna jarkar ciki har ta daina ɓulɓul.

Tsohon ya dubi gemuna yana ɗiga, ya dubi jarkar.

"Na wa ne?"

"Na yayata."

Ya ja rawaninsa ya rufe hanci, ya kira na baya.

A Diffa Ajimi ya same ni bayan mota ina tace ruwan da ƙyalle.

"Mai hula, me kake tacewa?"

"Yashi."

Ya leƙa ƙyallen. "Ikon Allah. Yashin can har gashi gare shi."

Na rarrashi kaina da cewa shafawa kawai Ya Gumsu za ta yi a gwiwa, kuma gwiwa ba ta da hanci. Da muka iso Maiduguri na aika mata jarkar a Keke Napep, na ce gajiya ta kayar da ni, sai gobe.

Washegari da la'asar na tarar an baza tabarmi a tsakar gida. Ya Gumsu tana kan kujerarta, jarkar a gefenta. Kusa da ita Ekwutosi, mai shagon atamfa, maƙwabciyarta ta shekara ashirin, riƙe da kofin gilas.

"Wushe, sannu da zuwa, matafiyi," in ji Ya Gumsu. "Zo zauna. Ka san gyambon cikin Ekwutosi. An ce ruwan nan in an sha ya fi aiki. Kai ka ɗebo, kai za ka zuba mata, ladan ya cika."

"Baba Mikail, Allah ya yi maka albarka," in ji Ekwutosi. "Tun safe ban ci komai ba, don magani ya samu wurin zama."

Ina so in ce nan take na faɗi gaskiya. Ban faɗa ba. Na buɗe jarkar, na cika kofin, har da bisimilla. Na miƙa mata da hannu biyu. Ta ɗaga, gilashin ya taɓa leɓenta.

"Madam, tsaya."

Ta tsaya.

"Ruwan nan... na ɗan shiga cikinsa."

"Ɗan shiga yaya?" in ji Ya Gumsu.

"Wanka. Da sabulu."

Na ba su labarin duka, idona a kan tabarma. Ekwutosi ta ajiye kofin nesa, iya tsawon hannunta.

"Gumsu, kin ci," ta ce. "Ni na ce ba zai faɗa ba."

"Na gaya miki zai faɗa, amma sai kofi ya kai baki. Haka yake tun yana yaro." Ta juyo gare ni. "Jiya ina buɗewa sabulunka ya yi mini sallama. Ka zaci hancina ma ciwo yake?"

Ekwutosi ta yi dariya har tana riƙe ciki. Na so in taya ta, don dariya ta fi mini sauƙi. Sai na ga Ya Gumsu ba ta yi. Tana shafa gwiwarta.

"Na sa rai Juma'ar nan zan kai goshina ƙasa," ta ce. "Har sabuwar darduma na sa aka kawo."

Can ta ce in ɗora ruwan a gawayi. Na ɗora, na juye a roba, na durƙusa gabanta ina riƙe da robar. Ta ja zanenta kaɗan, ta tsoma tawul ta fara gasawa. Shekara uku ina tambayarta ya ƙafa daga bakin ƙofa, sai ranar na ga gwiwoyin. Sun kumbura kamar ƙullin tuwo, fatar tana sheƙi.

"Ya Gumsu, ki zubar mana."

"Daga nesa ya zo. Dauɗarka kuwa na san ta tun kana cikin tsumma. Riƙe da kyau, kana karkatawa."

Har yau a kujera take sallah, kuma ba ta ƙara tayar da zancen ba. Sai dai duk ranar da na je, jarkar tana bakin ƙofarta, an wanke ta da toka, a daidai inda zan cire takalmi. Ajimi ya ce zai koma bayan damina. Na ce ya ajiye mini wuri. Ya ce zai ajiye, amma sai ya caje aljihuna kafin mu tashi, kada in ɓoye sabulu.