Izinin Kiwon Sauro

Ranar Litinin takardar ta iso, Farfesa tana ɗakin gwaji suna duba kejin sauro ita da ɗalibarta. Shekara ashirin da biyu tana koyar da ilimin ƙwari a jami'ar, ta ga takardun ma'aikatar ilimi iri-iri, amma wannan sai da ta cire tabarau ta goge, ta sake karantawa. Wai daga yau ba mai ajiye halitta mai rai don bincike sai da izinin wani kwamiti da kowace jami'a za ta kafa. Wanda bai samu izini cikin kwana goma sha huɗu ba, ya hallaka abin da ke hannunsa.

Ɗalibar, wadda kowa a sashen ke kira Maman Biyu saboda tagwayenta, shekararta biyu tana kiwon sauron nan zuriya bayan zuriya, tana neman gano abin da ya sa maganin feshi ya daina kashe su. Saura mata wata ɗaya ta kammala.

"Malama, har da mu?"

"Sauro dai rai gare shi, ko? Ci gaba da ba su ruwan sukarinsu, bari in hau sama."

Shugaban tsangaya tsohon ɗalibinta ne, shi ya sa ya miƙe tsaye da ta shigo. "Wallahi Malama, ni ma yanzu na gani. Amma an riga an kafa kwamiti."

"Madalla. Ina zan same su?"

Ya sosa ƙeya. "Ba mai ba da izinin ba. Wannan shi ne zai ba da shawarar yadda za a kafa wancan."

Ta dube shi irin kallon da take yi masa da, in ya kawo aiki rabi. Ya sunkuyar da kai yana jera takardun da suke a jere.

Kwana shida tana safa da marwa tsakanin ofisoshi kafin fom ya fito. Da ya fito kuwa, an tanadi gurbin sunan dabba, da shekarunta, da lambar da aka maƙala mata a kunne. Ta cike abin da ke cikuwa ta kai. Akawun ya dawo mata da shi.

"Ranki ya daɗe, ba a barin gurbi."

"To sauro dubu huɗu zan huda wa kunne?"

"Ni dai haka aka ce mini."

Ta ja tsaki, ta rubuta "babu kunne" da manyan baƙaƙe. Ya duba, ya buga hatimi.

A rana ta goma sha ɗaya magatakardan jami'a ya kira ta da fara'arsa, ya ce albishirinta, ita aka naɗa shugabar kwamitin ba da izinin. Har ta zaro biro daga jaka, sai ya nuna mata wani layi a ƙasan takardar: ba mai sa hannu a binciken da yake da hannu a ciki. Mataimakinta ne zai sa mata, shi kuwa yana wajen taro a wata ƙasa, sai ƙarshen wata zai dawo.

"To na ajiye muƙamin, ku naɗa wani yau."

"Ai murabus sai majalisar jami'a ta zauna, Farfesa. Wata mai zuwa ke nan."

Ta yi tunanin loda kejin a bayan mota ta kai gida. Amma ta san ranar kare kundi za a nemi takardar izini da kwanan wata, a watsar da aikin gaba ɗaya, a haɗa wa ɗalibar da tuhuma. Cikin kwana ukun da suka rage ta sa hannu a izinin zomayen wani da kifayen wani, har goma sha ɗaya, duk wanda ya karɓa yana yi mata godiya, ita kuwa kamar ta fashe.

Ranar ƙarshe Maman Biyu ta ce ita za ta yi da hannunta. Ta jera kejin ɗaya bayan ɗaya cikin firiza don sanyi ya kashe su, ta rufe, ta jingina da murfin.

Mataimakin ya dawo ranar talatin ga wata. Bai yi minti ɗaya ba ya sa hannu, har yana tambayar ko sauron na nan lafiya.

Washegari da safe su biyu suka tsuguna a bakin kwatar bayan ɗakunan kwanan ɗalibai, kowacce da ludayi da bokiti, suna kwasar sababbin tsutsotsin sauro. Wayar Maman Biyu ta yi ƙara. Ta duba, ta yi tsuru-tsuru.

"Baban tagwaye ne. Na ce masa bana zan gama. Malama, me zan ce masa yanzu?"

Farfesa ta goge hannu a jikin farar rigarta. "Miƙo nan. Dama tun sati uku nake neman wanda zai saurare ni har ƙarshe."