Kwandon Ƙasar Gonar Baba

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Zamanin Turawa, Ɗankande yana noman guna ta agushi a gonar gado a Kukuo. Damina uku, da ta fara 'ya'ya sai ta yanƙwane. In ya tuge, saiwar ta yi baƙi, ta ruɓe. Malamin gona ya ce cutar a ƙasa take, ya sake wuri.

Ya koma Sagnarigu, ya yi sabuwar gona. Can ma ta ruɓe.

Matarsa Shetu ta ce, "Malam, me ka kai can?"

"Ƙasar gonar Baba, kwando ɗaya, don albarka."

"To, ai cutar ta bi ka."

Gonakin biyu suka koma na dawa, Shetu kuwa a kasuwa take sayen agushi.