Motar Coci da Asibiti

Tun da Baba Meshak ya yi ritaya daga aikin reluwe a Kafanchan, abin da ya rage masa na jin daɗi shi ne gonar cittarsa da ke bayan Fadan Kagoma, da tsohuwar akori-kurar da ke kai shi can. 'Ya'yansa sun tsani motar nan. Da Kirsimeti babban ɗansa Asher ya zo daga Abuja da wata 'yar ƙaramar mota mai sheƙi, ya miƙa masa makulli a gaban jama'a bayan sujada. Akori-kura kuwa aka sayar da ita kafin tsoho ya buɗe baki.

Ranar da za a fara tonon citta Baba Meshak ya kama hanyar gona da safe a sabuwar motar. Ya bar kwalta ke nan wani dutse mai kaifi ya yage masa tayar gaba daga gefe. Bai damu ba, ya sha canza taya a rayuwarsa. Ya buɗe but, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa. Babu safayar taya, babu jak. Sai wani ɗan famfo mai waya da kwalbar farin gam. Ya ɗura gam ɗin, ya kunna famfo, ya tsaya yana kallon gam na tsiyaya ta yagar zuwa ƙasa.

Ya kira Asher.

"Sun cuce ka, ɗana. Sun sayar maka da mota ba safaya."

"Ba cuta ba ce, Baba, haka ake yin su yanzu. Kana ina?"

"Hanyar gona."

Asher ya ce, "Wa ya ce ka kai ta can? Motar coci ce da asibiti. Ni da Yemima mun zauna mun yi magana. Shekarunka sun wuce shiga daji."

Yemima ita ce autar Baba Meshak, wadda ta fi kowa rawa ranar da aka ba shi makullin.

"Ashe kun sani," in ji tsohon.

"Don lafiyarka muka yi, Baba."

Baba Meshak ya kashe wayar. Ya daɗe zaune a kan dutsen da ya yaga tayar, rana na dukansa, babura na wucewa da buhunan cittar wasu. Da azahar wani ɗan acaba ya ɗauke shi. Mutumin da ya ja taragu har Fatakwal ya isa gonarsa a bayan babur, yana riƙe da rigar wani.

Washegari mai faci ya sa sabuwar taya ya kawo motar gida. Baba Meshak ya ce a ajiye ta ƙarƙashin mangwaro. Coci da ƙafa yake zuwa yanzu. Idan Asher ya kira, matar tsohon, Hulda, ce ke ɗauka, ta ce ya fita.