Kukan Kujera a Waƙa ta Huɗu

A cikin motar haya Auta ta gane aikinta na wata biyu ya lalace. Ta roƙi direban ya sa mata waƙa ɗaya daga wayarta, don ta ji yadda za ta fita a sifikar mota. Waƙar kawunta ce, ɗaya daga cikin tara da ya rera a ɗakinta kafin likitoci su yi masa aiki a maƙogwaro. A ɗaki, cikin hedifon ɗinta, ganga na dukan ƙirji, muryar Kawu na zaune daram a kanta. A motar kuwa gangar ta koma kamar ana ƙwanƙwasa gwangwani da cokali, muryar ta siranta kamar ta wanda ya kwana uku bai ci abinci ba.

"Ta yi daɗi," in ji direban.

"Ba ta yi ba."

"To, ai za a ji."

Wannan maganar ce ke ƙona wa Auta rai. Tela ya karkatar da wuyan riga ya ce za a sa, kafinta ya bar ƙafar tebur tana rawa ya ce za a yi maneji, kowa ya karɓa ya yi godiya. Ga shi yau ita ma ta shiga sahu.

Kafin ta sauka ta gano inda ɓarnar take. Hedifon da yayanta ya bar mata irin na jin daɗi ne, yana kumbura bes, wato amon ƙasa na ganga da kaurin murya. Duk sanda ta zauna haɗa sauti sai ta ji ƙasan ya yi yawa, ta rage, ta ƙara ragewa, har ya zauna daidai a kunnenta. Ashe abin da babu shi take ragewa, tana yanke na gaskiya.

Ta tarar da Kawu a falo, ya naɗe wuyansa da mayafi. Tun bayan aikin, raɗa kawai yake iya yi, kuma likita ya gaya masa a fili cewa waƙa ta ƙare. Wani mai shiri a gidan rediyo ya yi alkawarin sa waƙoƙin ranar Alhamis, ya ce in ba su iso ba zai ba wani gurbin.

"Ki aika kawai," Kawu ya raɗa, bayan ta yi masa bayani. "Na ji da kunnena, sun yi."

"Da hedifon ɗina ka ji, Kawu. Mu biyun ya ruɗa."

"Ke dai ba kya rabo da fitina. Tun kina ƙarama."

Washegari da hantsi ta ɗauki kwamfutarta da ɗan abin da ta tara, ta tafi layin masu kayan sauti. Shagon da ta shiga matsattse ne, kwalaye har rufi, wayoyi na reto a bakin ƙofa. Da ta ce hedifon take nema, mai shagon ya dube ta, ya dubi jakarta, ya zaro wani ja mai sheƙi.

"Anti, wannan shi ake yayi. In kika sa shi, har haƙoranki sai sun yi rawa."

"Haƙorana lafiyarsu lau, Malam. Wanda ba ya ƙari nake so."

"Ikon Allah. Kowa na neman ƙari, ke kina neman ragi?"

"Ba ragi, ba ƙari. Abin da aka zuba masa ya ba ni shi yadda yake. Kuma mai waya, ba na caji ba."

Ya ɗaga kafaɗa ya jero mata guda huɗu a kan kantar shagon, ya miƙo wayarsa zai sa mata kiɗan da ake gwaji da shi. Ta ce a'a, ta buɗe kwamfutar. Ba waƙar da ta fi so ta zaɓa ba. Ta nemo ta huɗu, ɗanyarta, wadda ba ta taɓa ba. Ranar da aka ɗauke ta Auta na zaune kusa da Kawu, kuma a tsakiyar baiti na biyu ya gyara zama, kujerar katako ta yi ƙiii. Da kunnenta ta ji. Amma wata biyu tana neman wannan kukan a hedifon ɗinta ba ta same shi ba, ganga ta danne shi.

Ta sa jan. Ganga ta cika mata kai, babu kujera. Na biyu ya kaifafa komai har kunnenta ya yi zafi. Na uku ya nuna kujerar sarai, sai dai da ta tambayi kuɗinsa ta mayar da shi kwalinsa a hankali da hannu biyu.

Na huɗu baƙi ne, mummuna, kwalinsa ya koɗe. Da ta sa shi waƙar ta zo mata lami, ba armashi, har ta kai hannu za ta cire. Sai kujerar ta yi kuka. Bayanta ta ji fanka na juyawa can nesa, ta ji Kawu ya ja numfashi kafin ya ɗauki baiti. Ta mayar baya sau uku. Ta bar shi a kanta har minti goma don ta ji ko zai matse ta, ta kuma tambaya ko ana samun soson kunnensa in ya ƙare.

"Ana samu," in ji mai shagon. "Amma fa wannan shekararsa biyu a nan. Duk wanda ya gwada sai ya ce ba shi da daɗi."

"Ba shi da shi kam, amma ya fito mini da kukan kujerar da ke cikin waƙar. Sa mini a leda."

"Kukan kujera kika zo saya ke nan?"

"Shi fa."

A gida ba ta yi wa Kawu dogon bayani ba, don ta san musu zai yi. Ta ɗora masa hedifon a ka, ta sa masa waƙar farko yadda ta haɗa ta, wadda za a aika. Ya lumshe ido yana kaɗa yatsa a gwiwa. Can yatsan ya tsaya. Ta bari ya kai rabi, sannan ta sauya zuwa ɗanyar ɗaukar, wadda hannunta bai taɓa ba, inda muryar ke nan da kaurinta.

Da ya cire hedifon sai ya riƙe shi a cinya yana kallon bango.

"Ta farkon ba ni ba ne," ya raɗa.

"Kai ne, Kawu. Ni na rage ka."

"Za ki iya maido ni?"

"Zan iya. Komai na nan, ban goge ko ɗaya ba. Amma ba kafin Alhamis ba. Mako uku, in gama, in ji su a mota, in ji su a waya."

"In ya ba wani gurbin fa?"

"Zai iya bayarwa. Ban san yaushe za mu samu wani ba."

Tana gani yana aunawa. Ya riga ya sa an gaya wa tsofaffin abokansa su kama tashar ranar Alhamis, kuma ba shi da wata waƙa ta goma da zai rera ya gyara suna. Ya laluba aljihu ya ciro wayarsa, ya nemo lambar mai shirin, ya danna. Da ta fara ƙara sai ya miƙa mata.

"Ke kike da murya," ya ce. "Gaya masa ba su kammalu ba."