Wata Takwas a Ɗakin Yara

Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, a bayan shagon kafintancin maigidana. Har yau in na ji ƙamshin sabon katako, can zuciyata take komawa. Gadonmu shi ya haɗa shi da hannunsa, ƙafa ɗaya ta ɗan gaza, muka tokare ta da murfin gwangwani. Mun sha hira da dariya a ɗakin nan.

Haihuwata ta uku ce ta zo da matsala. Yaron ƙato ne, na samu ƙari sosai, aka yi mini ɗinki. Ciwo ya warke, amma na kasa riƙe iska. In na sunkuya, in na ɗaga bokiti, ko na yi dariya, sai ta kuɓuce. Ni tela ce, don haka a gaban masu kawo ɗinki nakan taka keke da ƙarfi, ƙararsa ta rufa mini asiri.

A wurin maigida kuwa babu keken takawa. Ranar da ya fara kusantata bayan na warke, abin ya faru, ba sau ɗaya ba. Na ji kamar in nutse. Daga nan duk sanda ya matso sai in ƙanƙame jikina ina gadin kaina, ba na jin komai sai fargaba. Sha'awar ma ta ɗauke. Na fake da kukan jariri, na ɗauki filona na koma ɗakin yara. Wata takwas cur.

Wata rana da hantsi ya shigo, garin katako duk a gashinsa, ya zauna kusa da keken.

Ya ce, "Tela, laifin me na yi miki?"

Na ce, "Ba ka yi komai ba."

"To tsufa na yi, ko warin fenti nake?"

Ina kallon allura na faɗa masa. Ya ɗago ya dube ni.

"Wannan ne? Ni ina can ina ta zargin kaina! Ni da nake sakin tawa da gangan shekara tara kina haƙuri?"

Dariya ta ƙwace mini, dariyar kuma ta jawo abin nan take. Muka yi ta dariya har tawa ta koma kuka.

Washegari ya rufe shago ya raka ni asibiti. Likitar ta duba ni, ta ce naman da ke riƙe wurin ne ya ji rauni a haihuwa, kuma mata da yawa haka suke fama suna ɓoyewa. Ta koya mini yadda zan riƙa matse wurin ina saki kullum. Sauƙi ya zo a hankali, bai tafi duka ba. Na koma ɗakinmu, sai dai an ɗauki lokaci kafin jikina ya saki da shi. Bai taɓa yi mini gaggawa ba.

Bana shekara shida da rasuwarsa. Watan jiya babbar 'yata ta haihu, ita ma da ɗinki. Da muka keɓe na tambaye ta kai tsaye ko tana iya riƙe iska.

Ta rufe fuska ta ce, "Haba, Mama!"

Na ja kujera kusa da ita, na ba ta labarin babanta.